Ciwo ya tafi, barci bai dawo ba

A wannan karo za mu yi magana a kan wata wahala wadda ba ta da ƙurji, ba ta da kumburi, ba a kuma ganin ta da ido. Mutum ya yi mura mai tsanani ko zazzaɓi, ya kwanta sati 1 ko sati 2, Allah ya ba shi lafiya, ƴan gaisuwa suka daina zuwa. Amma tun daga ranar barcinsa ya lalace. Wani in ya kwanta sai ya yi ta juyi har zakara ya yi cara. Wani barci kan ɗauke shi da wuri, can tsakar dare ya farka, shi ke nan ido biyu har kiran assalatu. Wani kuwa barci yake yi dare da rana, amma in ya tashi sai ya ji kamar an kwana ana dukan sa. Ana wata 3 a haka, ana wata 6, akwai mai kai shekara.

Wannan abu sananne ne ga likitoci. Ba a ƙasarmu kaɗai yake ba.

Mene ne birus?

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai wani jinsi nasu ƙanana ƙwarai da ake kira birus. Shi birus ba ya iya hayayyafa sai ya shiga jikin mutum, ko dabba, ko tsiro. Shi ke kawo mura, da ƙyanda, da shan inna, da sida, da korona, da wasu nau'o'in shawara. Zazzaɓin cizon sauro ba birus ke kawo shi ba, wata ƙwaya ce daban, tana kuma da nata magani. Don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi, abu na farko shi ne ya je gidan likita a huda masa yatsa a duba jini. Haka nan ciwon barcin da ƙudan tsando ke sa wa mutane a ƙasashen kurmi, shi ma wani ciwo ne daban, kada mu haɗa su.

Abu guda muke so kowa ya riƙe tun daga nan. Maganin da ake kira antibiyotik, irin kafso mai ja da rawaya da ake tallarsa a faranti, ba ya kashe birus. Ba ya kuma maido da barci. Mai saye don wannan, kuɗinsa ya zubar.

Abin da aka gani a wasu wurare

Ciwon korona shi ya buɗe wa duniya ido a kan wannan matsala. An samu mutum na farko da ya kamu da shi a Nijar ranar 19 ga watan Maris na 2020. Ba mu manta ba yadda aka rufe makarantu da masallatai, aka kuma hana fitar dare a Yamai. Mutane da dama a garuruwanmu sun ce ciwon na Turawa ne da manyan birane. Sai dai a watan Afirilu na 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sanar da cewa awon jini ya nuna kamar mutum 2 cikin kowane 3 a Afirka birus ɗin ya taɓa shiga jikinsu. Galibinsu ba su sani ba. Wasu ba su ji kome ba, wasu suka ce murar ɗari ce kawai.

A birnin Wuhan na ƙasar Sin, inda ciwon ya fara bayyana, likitoci sun bi sawun mutum 1733 da aka sallama daga wani asibiti. Bayan wata 6 suka sake duba su, suka fitar da sakamakon a watan Janairu na 2021. Cikin kowane mutum 100, fiye da rabi suna fama da gajiya ko rashin ƙarfin jiki, mutum 26 kuma barcinsu bai daidaita ba. Ke nan mutum 1 cikin 4. Waɗannan fa mutane ne da ciwon ya kai su har gadon asibiti, amma an ga irin haka ga waɗanda suka yi jinya a gida ma. Labari mai daɗi shi ne, da aka koma kansu bayan shekara 1, masu gajiyar sun ragu sosai.

A watan Oktoba na 2021 OMS ta ba wannan hali matsayi na kansa cikin cututtuka. Ta ce in wata 3 suka wuce da kamuwa da korona, mutum yana da wata damuwa a jiki da ta kai wata 2 ba ta rabu da shi ba, ba a kuma gano wani ciwo da ya jawo ta ba, to a ɗauke ta a matsayin saura ce ta korona. Gajiya, da sarƙewar numfashi, da mantuwa, da lalacewar barci duk suna ciki.

Tun kafin korona ma an sha ganin haka. A 2003 wani ciwon huhu mai suna SARS, ɗan uwan korona, ya shiga birnin Toronto na ƙasar Kanada. Daga baya aka binciki mutum 22 da suka warke amma suka kasa komawa bakin aiki, akasarinsu ma'aikatan asibiti. Wasunsu sun kai shekara 3 da warkewa. Aka kwantar da su da dare ana auna barcinsu da na'ura, aka tarar barcin a gutsuttsure yake, ba ya hutar da jiki. Mu lura, waɗannan malaman asibiti ne, masu albashi, masu sanin magani. Ba wanda zai ce ƙyuyar noma ta sa su ƙirƙiro ciwo. Nan kusa da mu kuma, bayan annobar ebola da ta auka wa Gine da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016, da yawa cikin waɗanda suka tsira sun koka da rashin barci da ciwon gaɓoɓi.

Akwai wani labari da ya fi waɗannan daɗewa. A 1917 wani likita mai suna von Economo, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya yi bayanin wani ciwon ƙwaƙwalwa da ya yaɗu a Turai a zamaninsa. Wasu majinyata suna ta barci ba tashi, wasu barcin ya ƙaurace musu ɗungum, wasu kuma dare ya zame musu rana. Da ya duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu, sai ya ga wurin da ya lalace ga masu yawan barci daban, na marasa barci daban. Daga nan aka fahimta cewa barci da farkawa suna da mazauninsu a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ciwo yana iya taɓa wannan mazauni kamar yadda yake taɓa ido ko ƙafa.

Me ke lalata barcin?

Abu biyu ne ke jan ragamar barcin ɗan Adam. Na farko kamar bashi yake. Tun daga lokacin da muka farka da safe, bashin barci yana taruwa a jikinmu, in dare ya yi sai mu biya. Wanda ya yini a kwance yana gyangyaɗi ya riga ya biya rabin bashin da rana, saboda haka in dare ya yi ba abin da zai ja shi zuwa barci. Na biyu agogo ne da Allah ya sa a cikin ƙwaƙwalwa. Hasken rana ke saita shi. In ido ya ga hasken safiya, jiki ya san gari ya waye. In duhu ya shiga, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da gaɓoɓi cewa lokacin kwanciya ya yi. Ko kaji da haka suke sanin lokacin shiga akurki.

To, jinya tana rikita duka biyun. Majinyaci yana cikin ɗaki mai duhu kwana da kwanaki, bai ga rana ba, bai motsa jiki ba, yana barci ƙarfe 11 na safe, yana farke ƙarfe 2 na dare saboda tari. Agogo ya kauce.

Ban da wannan, akwai aikin dakarun jiki. In birus ya shiga, jini yana tayar da dakarunsa su yaƙe shi. Sinadaran da suke saki su ke kawo zafin jiki, da kasala, da yawan jin barci a lokacin ciwo. Wannan alheri ne, don yana tilasta wa mutum ya huta. Amma ga wasu mutane, bayan an ci yaƙin dakarun ba su kwance ɗamara da wuri. Kamar wutar da aka sa wa sassabe ce: harshenta ya mutu, amma kututture yana ci a ƙarƙashin toka.

Sai na ƙarshe, wanda a ganinmu ya fi riƙe mutane: tsoro. Wanda ya kwana 10 bai yi barci ba, da magariba ta yi gabansa ya fara faɗuwa. Yana kwanciya yana cewa a ransa, yau ma haka za ta kasance. Ga tunanin kuɗin da jinya ta cinye, ga akuyar da aka sayar, ga gonar da haki ya rufe. An ce barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da ake gadi. Iyakar ƙoƙarin da mutum ya yi na kamo barci, iyakar nisan da barcin zai yi masa. A haka ciwo ya daɗe da tafiya, amma ɗabi'ar rashin barci ta samu wurin zama.

Asarar da ke ciki

Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Wanda bai samu ba, hankalinsa yana raguwa, fushinsa yana ƙaruwa, hannunsa yana nauyi. Ga manomi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daminarmu gajera ce, ba ta jiran kowa. In aka yi ruwan shuka, kwana 2 ko 3 ne ƙasa ke da laima. Wanda ya makara da noman fari kuma, haki ya riga hatsinsa cin taki. Magidancin da ciwon ɗari ya bari da rashin barci har ruwa ya sauka, rumbunsa ne zai faɗi labari da kaka. Direban mota da ɗan kabu-kabu kuwa, gyangyaɗin ƙiftawar ido ya isa ya hallaka rayuka.

Amma abin da ya fi ciwo shi ne bakin mutane. Saurayi ya kasa gama kuyya 10, sai uba ya ce raggo ne. Mace ta kasa tashi daka da asuba, sai uwar miji ta ce sabon salo ne, kishiya ta ce langaɓewa ce. Tun da ba jini, ba miki, ba wanda ya yarda. Mu dai muna ganin wannan rashin adalci ne. Matar da ta shekara 10 tana riga kowa tashi ba za ta koyi ƙyuya cikin sati 2 na jinya ba. Maigida, in ka ga haka ga iyalinka, ka tambaye ta yadda take kwana kafin ka yi faɗa.

Wasu kuma sukan ce iska ce, ko sammu, ko kambun baka. Daga nan a shiga yawo, yau baƙin zakara, gobe ɗan akuya, har a zargi maƙwabci ko dangi da abin da bai ji ba bai gani ba. Addu'a da karatun kwanciya suna kwantar da zuciya, zuciyar da ta kwanta kuwa ita ke samun barci. A riƙe su. Sai dai ba su hana zuwa gidan likita. A kuma kiyayi turara hayaƙi a ɗaki rufe ga wanda ƙirjinsa bai gama warkewa ba.

Yadda za a sake saita agogo

Likitocin da suka ƙware a kan barci sun yarda cewa gyaran ɗabi'ar kwanciya shi ne maganin farko, ƙwaya tana baya. Wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da wannan shawara a 2016. Galibin abin da suke faɗi ba ya bukatar ko dala.

Tushen abin shi ne lokacin tashi. A tsayar da shi guda, kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Mu a nan muna da sa'a, don sallar asuba ta riga ta tsayar mana da shi. Bayan salla kada a koma shimfiɗa. Da rana ta ɓullo a fito waje, a zauna ko a ɗan zagaya kamar rabin awa, ido ya ga haske. Kwanakin farko da wuya, jiki zai yi ta kiran tabarma. A daure. Bashin barci ne ke taruwa, shi ne kuma zai kawo barcin dare.

Ƙailula al'adarmu ce, ba mu ce a bar ta ba, balle da bazara. Amma a taƙaita ta, minti 20 zuwa 30, bayan azahar. Barcin bayan la'asar yana cinye na dare.

Sai maganar shayi da goro, wadda muka san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Shayi, da goro, da Nescafé, da lemunan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadari guda mai suna kafeyin, wanda ke toshe wa ƙwaƙwalwa jin bashin barci. Ba ya fita jiki da sauri. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha shayin farko mai ɗaci ƙarfe 5 na yamma, ƙarfe 10 na dare rabin ƙarfinsa bai sake shi ba. Ina ga wanda ya zauna fada har tsakar dare ana zagayawa da kofi na ɗaya, na biyu, na uku? Mai wannan larura ya sha shayinsa da safe, ya ci goronsa da hantsi, daga azahar ya haƙura. Taba ma tana hana barci. Fada kuwa ana iya zuwa a yi hira ba a karɓi kofi ba, abokan kirki za su gane.

In an kwanta barci ya ƙi zuwa, kada a yi ta kokawa da shimfiɗa. In aka ga an jima, kamar minti 20, a tashi a zauna wani wuri cikin duhu ko ƙaramin haske, a ja carbi, ko a saurari rediyo a hankali. In ido ya yi nauyi a koma. Dalili shi ne kada jiki ya saba cewa shimfiɗa wurin wahala ce. Salula kuwa a ajiye ta nesa, don haskenta da labaran cikinta suna tayar da hankali. Da zafi, kwanan tsakar gida ya fi na ɗaki, amma a cikin sange, kada a gudu daga rashin barci a faɗa hannun sauro.

Komawa gona

A nan sai an yi hattara. Motsa jiki yana taimakon barci, gaskiya ne. Amma wasu daga cikin waɗanda birus ya bari da gajiya suna da wata alama ta musamman: in suka yi aiki mai nauyi yau, ba yau za su ji ba, sai gobe ko jibi jiki ya rushe, su kwanta kwana 3 ko fiye. Mai irin wannan hali, cije baki da nuna jarumtaka baya suke mai da shi. Ya auna ƙarfinsa kamar yadda uwargida ke auna hatsi da tiya a watan bazara. Ya yi aiki da sanyin safiya, ya tsaya tun bai gaji ba. In ya ga kwana 7 sun wuce jiki bai rushe ba, ya ƙara kaɗan. Ya ɗauki aiki mai sauƙi, kamar zuba iri a rami ko tsinke, ya bar wa wasu saran shuka da huɗa.

Irin wannan rana ce aka yi gayya dominta. Ƴan uwa da ƙungiyar manoman gari su nome masa gandu yini guda, mata kuma su taya ƴar uwarsu aikin gamanarta da ɗibar ruwa. Kuɗin fura da goron gayya bai kai asarar damina ba.

Ƙwayoyin bakin kasuwa

Mai tallar magani ba ya rasa abin da zai ba ka. Don barci zai miƙo diyazefam, wanda aka fi sani da Valium. Daren farko zai yi aiki, shi ya sa yake da haɗari. Cikin ƴan satuttuka jiki ya saba, guda ba ta isa sai biyu, in an bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Yana sa jiri da mantuwa, yana kayar da tsofaffi. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, don hakan yana iya kawo farfaɗiya. Ya je likita ya rage masa sannu a hankali.

Don gajiyar rana kuma sai a ba ka tiramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, ba abincin ƙarfi ba ne. Yana rufe wa mutum jin gajiya, ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, ya lalata masa barci, ya kuma kama shi. Samari nawa muka gani a garuruwanmu da suka fara da guda ɗaya don noma? Ƙwayoyin sa ƙiba irin dekzametazon, da wasu ke sha bayan jinya don su murmure, su ma suna hana barci. Mace mai ciki da mai shayarwa kada su sha ko ɗaya sai da izinin likita. Masu shan maganin sida kuma, wasu magungunan suna kawo mafarkai ko rashin barci. Kada su daina sha, su faɗa wa likitansu, yana iya canza lokacin shan ko irin maganin.

Yaushe za a je gidan likita?

A je nan take, ba jira, in numfashi yana sarƙewa, ko ƙirji yana ciwo, ko zazzaɓi ya dawo, ko wuya ya sanƙare, ko mutum ya rikice, ko yaro yana barcin da ba a iya tashe shi. Tarin da ya wuce sati 2, tare da zufar dare da rama, yana iya zama tarin fuka, kuma yana da magani. Wanda baƙin ciki ya rufe har yana jin ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi.

In kuwa ba ko ɗaya cikin waɗannan, amma barci yana lalacewa dare 3 ko fiye a sati har wata 3, a je a duba. Sau da yawa akwai wani abu a ɓoye da ake iya gyarawa. Ƙarancin jini yana kawo gajiya, yana kuma sa ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya da dare. Ciwon suga yana tashin mutum fitsari sau da yawa. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci shi ba ya sani, abokin kwanansa ne zai faɗa.

A nan ne karatun da muka koya zai yi mana rana. A samu kaye da bik. Kowace safiya a rubuta layi guda: kwanan wata, lokacin da aka kwanta, sau nawa aka farka, lokacin da aka tashi, shayi ko goro nawa aka sha jiya da kuma ƙarfe nawa, da irin aikin da aka yi. Wanda ba shi da agogo ya rubuta da lokutan salla. A yi haka kwana 14. Ranar zuwa CSI a tafi da kayen, a haɗa da kwalaye ko ledojin duk magungunan da aka sha tun farkon ciwon, har na bakin kasuwa da na gargajiya, a nuna wa malamin asibiti.